Daga Raga Zuwa Filta: Me Injin Ƙaramin Jirgin Sama Ke Samu, Wane Haɗari Kuma Yake Ɗauka?

Shin ya kamata mai ƙaramin jirgin sama, irin mai farfela ɗaya da ke ɗaukar mutum biyu ko huɗu, ya cire ragar tace baƙin mai da injinsa ya zo da ita daga kamfani, ya ɗaura filta a madadinta? Tambayar ta daɗe tana yawo a tsakanin masu tsofaffin jirage a Amurka, inda akasarin irin waɗannan jirage suke. Ta sake tasowa da ƙarfi a 2022, lokacin da FAA, hukumar da ke kula da sufurin jiragen sama a ƙasar, ta fitar da umarnin dole a kan wata adafta da ake ɗaura filta da ita, bayan an yi asarar rai.

Wanda ya saba da mota zai yi mamakin jin cewa akwai injin jirgin sama da ba shi da filta. Akwai su da dama, kuma har yau suna tashi. Ruɗanin da ke cikin zancen iri biyu ne. Wasu sun ɗauka da zarar an ɗaura filta shi ke nan, mai zai riƙa yin ninkin kwanakinsa, inji kuma ya tsira. Wasu kuwa, da suka ji labarin haɗurran, sai suka ce a bar inji yadda masu shi suka ƙera shi. A ganina canjin yana da amfani, amma babban amfaninsa ba shi ne wanda aka fi ambato ba, kuma yana zuwa da sharuɗɗan da duk wanda ya raina su zai yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Mece ce ragar, mece ce filtar?

Mu ɗauki injin kamfanin Lycoming, ɗaya daga cikin masu ƙera injinan ƙananan jirage. Baƙin mai yana kwance a cikin kwanon da ke ƙasan inji. Famfo yana zuƙo shi ta cikin wata ƙaramar raga mai manyan ƙofofi, wadda aikinta kawai shi ne hana manyan gutsattsarin ƙarfe shiga haƙoran famfon. Daga famfo, idan man ya yi zafi, sai ya bi ta na'urar sanyaya shi, sannan ya ratsa raga ta biyu mai ƙananan ƙofofi, wadda ke cikin wani gida a bayan inji. Daga nan ne yake shiga hanyoyin da ke kai shi ga metal ɗin karanshaf, wato matashin ƙarfen da babban sandan inji ke juyawa a cikinsa, da kamshaf, sandan da ke buɗe bawul-bawul, da sauran wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Wannan raga ta biyu ita ce ake cirewa. Ta farkon tana nan daram ko an sa filta, kuma dole a ci gaba da duba ta. Da yawa suna mantawa da ita, alhali a can ne manyan gutsattsari ke maƙalewa, ba za su ma kai ga filtar ba.

Ita kuwa filta gwangwani ce da ake murzawa a ɗaure. A cikinta akwai doguwar takarda da aka ninke ninki-ninki aka zagaye bututu da ita, kuma duk man da famfo ya turo sai ya ratsa ta. Filtocin da kamfanoni irin su Champion da Tempest ke yi suna kama datti mai girman maikiron 40 ko kusa da haka. Maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin kan mutum kuma yana kai wa wajen maikiron 70. Ƙofofin raga sun fi haka faɗi. Bambancinsu kamar na rariyar tankaɗe ne da ƙyallen tatar koko: kowanne yana tacewa, amma abin da rariya za ta bari ya wuce, ƙyalle zai riƙe shi.

Dalilin da ya sa wannan ɗan bambanci ke da nauyi shi ne, karanshaf ba ya taɓa metal ɗinsa idan inji na aiki lafiya. Wani siririn shimfiɗin mai ne ke raba su. Ƙwayar datti da ta fi wannan shimfiɗi kauri, amma ta isa ta kutsa ta ƙofar raga, ita ce ke shiga tsakani tana karce ƙarfen. Wata takan nutse a cikin metal ɗin, wata kuma ta koma kwano, famfo ya sake zuƙo ta, ta sake zagayowa.

Me ya sa tun farko aka ƙera su da raga?

Waɗannan injina tsofaffin zubi ne. Continental A-65 da ke kan Piper J-3 Cub ya fito ne a ƙarshen shekarun 1930. O-200 mai ƙarfin doki 100 shi ne ya ja Cessna 150 tun daga 1958 har aka daina ƙera jirgin a 1977. Cessna 172 na farko-farko, daga 1956 zuwa 1967, injin Continental O-300 mai silinda shida ke kansu. Shi ma Lycoming O-320 ɗan shekarun 1950 ne. A wancan zamani man da ake zubawa tsurarsa ne, ba a haɗa shi da sinadarin da ke riƙe datti ba, saboda haka dattin yakan kwanta a ƙasan kwano ya zama dagwalo. Mai yana da araha, ana juye shi akai-akai, raga kuma ba ta da nauyi, ba ta ƙarewa, wanke ta kawai ake yi a mayar.

Zuwa ƙarshen shekarun 1950 sai aka fito da man jirgi mai sinadarin da ke hana datti kwanciya, yana riƙe shi yana yawo da shi har ranar juye. Cikin inji ya ƙara tsafta, amma kuma dattin ya zama kullum yana cikin zagaye. A nan ne filta ta samu aikin yi sosai. Sai dai a harkar jiragen sama, duk abin da aka riga aka ba shi takardar amincewa, sauya shi yana buƙatar gwaji da kuɗi da lokaci. Shi ya sa sababbin injina suka riƙa fitowa da filta, tsofaffin kuma suka ci gaba da tashi da ragarsu, wasu sama da shekara sittin.

Awa 25 ko awa 50: lissafin da ke ruɗar mutane

Kamfanin Lycoming ya faɗi ƙa'idarsa a takardar umarnin gyara mai lamba 480. Inji mai raga a juye masa mai, a wanke ragar, duk awa 25 na aiki. Inji mai filta kuma duk awa 50, a sa sabuwar filta. Wannan shi ne abin da masu tallar adafta ke ɗagawa, kuma gaskiya ne. Amma takardar tana da sharaɗi na uku da ba a cika karantawa ba: ko awannin sun cika ko ba su cika ba, kada mai ya wuce wata huɗu a cikin inji.

To, a yi lissafi. Jirgin makarantar koyon tuƙi da ke yin awa 600 a shekara, da raga zai yi juye 24, da filta 12. Kwanon O-320 yana cin kwat takwas, wato lita bakwai da rabi ko kusa da haka, ga ladan makaniki, ga awannin da jirgi zai yi a ajiye ɗalibai na jira. Irin wannan jirgi ba zai daɗe ba kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Mutumin da ke tashi awa 100 a shekara kuwa, da raga juye huɗu ne. Da filta awanni sun ce biyu, amma kalanda ta ce uku. Ya rage juye ɗaya tak, kuma ya sayi filta uku. Wanda ke yin awa 40 a shekara, kuma irinsa suna da yawa, juye uku zai yi ko da raga ko da filta. A wajensa babu ko kwabo da aka rage.

Saboda haka duk wanda ya ce da mai jirgin da ba ya tashi sosai ya sa filta don ya rage kuɗin mai, bai faɗa masa gaskiya ba. Abin da ya fi muni ma shi ne mutum ya riƙe lambar 50 ɗin ya watsar da wata huɗun, ya bar mai ya shekara a inji yana cewa ai akwai filta.

Abin da filta ba ta iya kamawa

Man fetur ɗin da waɗannan injina ke sha, 100LL, yana ɗauke da dalma, har zuwa giram 0.56 a kowace lita. Injinan kuma iska ke sanyaya su, don haka an bar tazara mai ɗan yawa tsakanin fistin da silinda saboda buɗewar ƙarfe idan ya yi zafi. Ta wannan tazara hayaƙi ke sulalewa ya gangara cikin mai, ɗauke da dalma, da kunkunniya, da tururin ruwa, da fetur ɗin da bai ƙone ba. Shi ya sa man jirgi ke komawa ruwan toka da wuri. Ƙwayoyin dalmar sun yi ƙanƙanta ƙwarai, ratsa takardar filta suke yi su wuce. Matsalar dalma ce ma ta sa aka janye man Mobil AV-1 daga kasuwa a 1994, saboda ya kasa riƙe ta, tana taruwa ta zama dagwalo a cikin inji.

Ruwa kuma idan ya haɗu da ragowar ƙonewa yakan zama asid, kuma babu filtar da ke tace asid. A injin Lycoming kamshaf yana can sama da karanshaf, to idan jirgi ya yi makonni a ajiye, mai yana tsiyayewa ya bar shi tsirara. Tsatsa ta fara cin fuskarsa da ta ƙarafunan da yake turawa, ranar da aka tayar da inji kuma sai wuraren da tsatsar ta ci su fara ɓarewa. Mafi yawan injinan da ba sa kaiwa awannin da aka ɗibar musu kafin babban gyara, awa 2,000 ga O-320, awa 1,800 ga O-200, zama ne ke kashe su. Maganin wannan shi ne a tashi jirgi a kai a kai, mai ya yi zafin da ya kai wajen digiri 82 na Salshiyas ya ɗan daɗe a haka har ruwan ya ƙafe, sannan a juye shi a kan lokaci. Tayar da inji a ƙasa na minti goma ba ya kai mai ga wannan zafi, ƙara masa ruwa ma yake yi.

Yanka filta: inda ainihin ribar take

Ga abin da ya sa nake goyon bayan canjin. Filtar jirgi ba a cire ta a jefar. Yanka ta ake yi a karanta abin da ke ciki.

Makaniki zai ɗora ta a kan wata na'ura mai ƙaramar wuƙa zagayayya, ya riƙa juya gwangwanin yana ƙara matsewa kaɗan-kaɗan har gindinta ya rabu. Ba a sa zarto, domin garin ƙarfen da zarto zai zubar zai gauraya da abin da ake nema, a rasa gane na inji da na gwangwani. Sai ya zaro curin, ya sa wuƙa ya yanke takardar daga sama da ƙasa, ya matse man da ke jikinta, ya miƙe ta a kan tebur a wuri mai haske, ko ya fita da ita rana. Fuskar waje ake dubawa, domin ta nan mai ke shiga. Ninki bayan ninki yake buɗewa yana leƙa kwarin kowanne. Zai ga baƙaƙen ƙwayoyi, sai ya ɗauki ɗaya ya murza a tsakanin yatsunsa. In ta marmashe, gawayi ne, babu damuwa. In ta ƙi, sai a matso da mayen ƙarfe. Wasu kan wanke takardar a cikin kwalba da man wanki mai tsabta, su zuba ruwan ta cikin farin ƙyalle, su zagaya mayen ƙarfe a ƙasan kwalbar. Idan ya fito da wasu siraran gashi-gashi baƙaƙe a tsaitsaye a bakinsa, to baƙin ƙarfe ne, kuma akasari kamshaf ne ko abin da yake turawa ya fara ci. Ɓarɓashi mai ƙyalli da mayen ƙarfe bai ɗauka ba alminiyam ne, sau da yawa daga murfin fil ɗin fistin. Mai launin tagulla ko jan ƙarfe kuwa yana nuni ga bushin ko metal.

Lycoming ya ba da ma'auni a kan yawan abin da aka gani. 'Yan ƙwayoyi ƙalilan, a ci gaba da tashi a sake dubawa a juye na gaba. In sun ƙaru, a rage awannin a sake yankawa da wuri. In ƙarfen ya kai rabin ƙaramin cokali, galibi sauke injin ake yi. Wato filta tana ba ka labarin cutar tun tana ƙarama, tun kana da zaɓin canza silinda ɗaya ko ka shirya wa babban gyara a tsanake, ba sai inji ya buga a sama ba.

Ita ma raga ana duba ta, kada a ce ba ta nuna komai. Ana kwance gidanta, a zaro ta, a wanke a cikin kwano a ga abin da ya zauna. Amma waɗancan siraran gashin ƙarfe na farkon lalacewar kamshaf yawancinsu ratsa ta suke yi. Kafin raga ta nuna maka ƙarfe, aikin gama ya kusa gamawa. Ga kuma wahalar wurin: tana can a matse a bayan inji, sai an cire wayar ma'aunin zafi, an kwance kusoshi huɗu, an kankare tsohon gaskit an sa sabo. Aikin da ke da wahala haka, mutane kan tsallake shi su juye mai kawai. Mai raga da ke son ya rage wannan giɓi yakan aika samfurin mai zuwa ɗakin gwaji irin Blackstone da ke Fort Wayne a jihar Indiyana. Gwajin yana ganin ƙwayoyin da ido ba ya gani, filta kuma tana riƙe waɗanda suka fi girma, saboda haka ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya aiki.

Yadda ake ɗaura ta, da inda haɗarin yake

Hanya biyu ake bi. Ta farko, a ɗaura adafta a jikin injin, a murza filtar a kanta. A Lycoming adaftar tana zama a daidai gurbin gidan raga. Kamfanin yana da tasa, B&C Specialty Products da ke Newton a jihar Kansas kuma suna yin mai lanƙwasa, wadda ke karkatar da filtar don ta samu wuri. A manyan injinan Continental irin O-300 da O-470, adaftar tana shiga ramin da aka zaro ragar. Hanya ta biyu ita ce a kafa filtar a jikin bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin matuƙi, a haɗa ta da inji da tiyo biyu, kamar yadda kayan kamfanin Airwolf suke. Wannan yana taimakon jirgin da bayan injinsa ya matse, kuma canza filtar ya fi sauƙi. Amma an ƙara tiyo biyu da mahaɗai huɗu da mai mai zafi ke bi da ƙarfi, kuma tiyo yana tsufa.

Kowace hanya aka bi, an ƙara wa inji sabuwar mahaɗa, an kuma rataya mata gwangwani cike da mai tana jijjiga. A 1996 FAA ta fitar da umarni mai lamba 96-12-22 a kan adaftocin Cessna da ke kan injinan Continental, saboda notin da ke riƙe su yana kwancewa har zaren ya cinye. Umarnin ya ce a ɗaure notin da sifana mai awo, a shafa wani ɗan manne mai launi a kan mahaɗar, a riƙa duba shi duk lokacin da aka cire filta. In ya tsage, adaftar ta motsa.

Sai kuma abin da ya faru ranar 1 ga Mayu, 2019, a Mill Creek da ke jihar Kalifoniya. Injin wani Cessna 182 ya mutu a sama, matuƙin ya yi ƙoƙarin saukar gaggawa, jirgin ya bugi wayoyin lantarki. Fasinja ɗaya ya rasu, mutum biyu suka ji munanan raunuka. Bayan 'yan makonni wani jirgin Cessna kuma ya yi saukar dole a kusa da Ramona, a jihar dai. Masu binciken haɗurra na NTSB suka gano cewa a duka biyun mai ne ya tsiyaye ta wajen adafta irin wadda kamfanin F&M Enterprises ya fara yi, daga baya Stratus Tool Technologies suka gaje ta. Gaskit ɗin faiba da ke tsakaninta da inji ne ya yage. A ƙarshen 2020 NTSB ta nemi a ɗauki mataki, a 2022 kuma FAA ta fitar da umarni mai lamba 2022-04-04, wanda ya wajabta cire gaskit ɗin faiba a sa na jan ƙarfe.

A kula da yadda irin wannan adafta ke kwancewa. Idan an ɗaure filta fiye da kima, ranar cire ta makaniki zai sa ƙarfi, kuma wannan ƙarfi a kan adaftar yake sauka. Tana motsawa kaɗan, ɗaurin gaskit ya saki, ba wanda ya lura. Shi ya sa awon ɗaurin filta, fam-ƙafa 16 zuwa 18, ba abin wasa ba ne. Filtar Champion ana shafa wa robarta man DC-4 kafin a ɗaura don kada ta manne. A tabbatar tsohuwar roba ba ta maƙale a jikin adafta ba. A ɗaure filtar da wayar tsaro ta yadda wayar ke jan ta wajen ɗauri. A tayar da inji a ƙasa, a kashe, a haska fitila a duba yoyo kafin a rufe murfi.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da ke cizo. Filta tana buƙatar bawul ɗin da zai buɗe ya bar mai ya wuce ta gefe idan takarda ta toshe ko mai ya yi kauri da sanyi, domin mai mai datti ya fi babu. Filta mai lamba 48108 da 48109 suna da wannan bawul a cikinsu. Mai lamba 48110 ba ta da shi, domin an yi ta ne don adaftar da ke da nata. A ido kusan iri ɗaya suke, kuma wanda ya musanya su ya iya barin injinsa ba mafita. Ma'aunin zafin mai da ke jikin gidan raga sai ya koma kan adafta, kuma dole bakinsa ya kai cikin man, in ba haka ba allura za ta riƙa yi wa matuƙi ƙarya. Haka bawul ɗin Vernatherm da ke tura mai zuwa na'urar sanyaya, dole a tabbatar ya zauna daidai a sabon gurbinsa. Inji kuma yana motsi a kan robobinsa, don haka filtar da ta kusa taɓa bango a ƙasa za ta goge shi a sama.

Takardu da doka

A Amurka doka ta yarda mai jirgi da ke da lasisin tuƙi ya juye mai, ya wanke raga ko ya canza filta da kansa, ya rubuta a littafin inji. Amma ɗaura adafta sauya ƙirar inji ne. In ba ta kamfanin injin ba ce, sai tana da takardar amincewa da ake kira STC, wadda ta ambaci samfurin injin ko jirgin. Makaniki mai lasisi ne zai yi aikin, sufeto ya sa hannu a fom mai lamba 337, a gyara lissafin nauyi da daidaiton jirgi, a ajiye umarnin kula da adaftar tare da takardun jirgi. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin jirgi yana sauya hannu, kuma makanikin da zai zo bayan shekara goma ba zai san awon ɗaurin ba in ba a rubuce yake ba. Jirgin da ke da rajistar Najeriya kuwa, sai NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, ta amince da sauyin.

Hujjar masu cewa a bar raga

Ba su rasa abin faɗa ba. Injina da yawa sun cika awanninsu da raga, saboda masu su suna juye mai duk awa 25 ba fashi, kuma sabon mai yana fitar da dalma da asid da filta ba ta iya taɓawa. Raga ba ta da nauyi, ba ta ƙara mahaɗa, ba a sayenta duk juye. A 2022, lokacin da filtocin jirgi suka yi wuyar samu a kasuwa, masu raga ba su ji a jikinsu ba. Ga ƙaramin Cub mai A-65 da ke tashi daga filin ciyawa 'yan awanni a shekara, wanda mai shi ke wanke ragarsa da hannunsa yana kuma aika mai gwaji, ba zan matsa masa ba.

Inda na rabu da su shi ne idan an zo kan inji mai tsada da ke aiki sosai, musamman Lycoming da aka san raunin kamshaf ɗinsa. Adafta ɗaruruwan daloli ce, babban gyaran inji kuwa dubban daloli ne masu yawa. Idan wani abu ya fara ɓarewa a ciki, filta tana riƙe garin ƙarfen kafin ya kai ga metal ya karce karanshaf, wanda yana cikin mafi tsadar kayan inji.

Wa ya fi buƙata, kuma yaushe?

Lokacin da ya fi dacewa shi ne sa'ad da aka sauke inji don babban gyara: bayansa a buɗe yake, aikin ya yi sauƙi, kuma sabon inji yana zubar da garin ƙarfe a awanninsa na farko kafin ringi su zauna. Wanda zai sayi tsohon jirgi da aka riga aka yi wa canjin, ya nemi sanin wace adafta ce, ko umarnin 1996 ko na 2022 ya shafe ta, kuma a ina aka rubuta cewa an cika shi.

Ga masu koyon gyaran jirgi a kwalejin Zariya, da duk wanda zai kula da injin fistin a yankinmu, akwai ƙarin abu ɗaya: ƙurar hunturu. Ƙura tana shiga ne ta hanyar iska, ta ci ringi da bangon silinda tun kafin ta gangara cikin mai, saboda haka filtar mai ba ta hana wannan ɓarna ta farko. Abin da take yi shi ne ta rage yawan zagayen da ƙurar za ta yi a cikin metal. Shi kansa Lycoming ya ce a wuri mai ƙura a riƙa juye mai kafin awannin su cika. Jirgin da ke aiki tsakanin Kano da Zinder daga Disamba zuwa Fabrairu, ko an sa masa filta, bai kamata ya jira awa 50 ba. A fara da duba filtar iska da tiyon da ke bayanta, a tabbatar babu tsaga, kuma idan gwajin mai ya nuna silikon ya hau, can za a koma a nemi inda ƙurar ke shiga.